Katin Aro a New Bell

Abin da ya fara ba ni haushi a Douala ruwa ne. Sai ya kwana uku bai ɗauke ba. Ka shanya riga ranar Litinin, ka same ta da danshi ranar Alhamis. Takalmin fatar da na zo da shi don ƙwalisa ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado kafin in sa shi sau biyu. Yayana, wanda ya riga ni zuwa da shekara biyu, dariya kawai yake yi mini. Ya ce in na ƙara wata shida ni ma zan yi fumfunar in huta da mita.

A unguwar New Bell muka sauka, gidan wani Alhaji mai masauki wanda kakansa ya zo fataucin goro ya zauna. Mu tara ne a ɗakuna biyu na ƙarshen tsakar gida, duk daga arewacin Najeriya, duk masu sayar da albasa da tattasai. 'Ya'yan gidan Hausawa ne, suna salla da mu, amma da zarar sun juya harshe zuwa Faransanci a gabanka, ka san da kai ake. Su suna ce mana baƙi, ko da mutum ya shekara goma. Mu kuma a bayan idonsu muna ce musu Hausawan burodi, don ba su san koko da safe ba.

Amma babban abin da na raina shi ne yadda mutanen garin ke yi da gawa. Mutum ya mutu, sai a kai shi mog, wato ɗakin ƙanƙara na asibiti, ya yi sati uku ko wata guda, har dangi su gama ɗinkin anko. Ranar Juma'a a fito da shi da kiɗa da jerin motoci, an buga hotonsa a riguna. Ni kuwa Allah bai yi ni da shiru ba. Ina zaune a bakin rumfa sai in ce ga kifi an ciro daga firji, 'yan masauki su kwashe da dariya. Yayana yakan ce, “Kai, kama bakinka, garin mutane ne.” Ni kuma in ce mu dai a mutu da safe, kafin azahar an rufe, wannan shi ne mutunci.

A bayan ƙofar zauren Alhaji akwai ƙusa, a jikinta wata leda, a cikin ledar katin ɗan ƙasa guda ɗaya. Na babban ɗan Alhaji ne, mai aiki a wani ofis kusa da tashar jiragen ruwa, wanda muke kira Musye, wato yallaɓai da Faransanci, saboda kwat ɗin da yake sawa cikin wannan zafi. Ya taɓa kai rahoto cewa katin ya ɓace, aka yi masa sabo, tsohon ya zama na baƙi. Babu ɗayanmu mai takardar zama. Duk wanda zai fita nesa, inda jandarmomi ke tare hanya, sai ya ciro shi, ya haddace sunan da ranar haihuwar, ya koyi cewa “wi, shef” wato “to, ranka ya daɗe,” ba tare da rawar murya ba, in ya dawo ya rataye. Hoton baƙi da fari ne, ya koɗe. Duk wani dogo marar gemu yana iya shiga cikinsa. Ni ne kawai ban iya ba, saboda tabon ƙunar da ke kumatuna tun yarinta.

Shekarar ta zo da wuya. Ana rufe gari kwanaki a jere saboda rikicin siyasa, ba kasuwa, ba mota, matasa suna ƙona tayoyi a kan titi. Ofisoshi kuma suna ta sallamar ma'aikata, har Musye ya rame cikin kwat ɗinsa. A irin wannan satin motar albasarmu ta maƙale a PK 14, can bakin gari. Direba ya ƙi shigowa shi kaɗai, albasa kuma ta fara wari cikin zafi da ruwa. Zuwa taryo mota aikina ne, ni ne ƙarami. Na miƙa hannu ga ledar, yayana ya buge hannun.

“Da wannan fuskar taka? Zauna ka jira shayi.”

Ya sa farar rigar da na wanke masa, ba ta ma gama bushewa ba, ya fita da hantsi.

Bayan la'asar direban ya shigo gidan da ƙafa, da jini a hannun riga. Ya ce yayana ya lallashe shi suka taso. A wani shinge matasa suka yi musu ruwan duwatsu, ya kauce, motar ta kife a kwalbati. Yayana yana saman buhuna. Jandarmomi sun kwashe shi zuwa mog, katin yana aljihunsa.

Ban yi kuka a lokacin ba, agogo na duba. Na ce, “Alhaji, a tashi mu je mu ɗauko shi. In muka yi sauri za mu samu kafin magariba.”

Alhaji bai tashi ba. Ya aika aka kira Musye. Suka yi ta magana da Faransanci a kaina, ina tsaye kamar turmi. Da suka gama, Musye ya juyo gare ni da Hausa, a hankali, kamar mai karanta takarda.

“Ka saurara. A rubuce, ni ne na mutu. In Baba ya sa hannu ya karɓi gawar, za a rubuta mini takardar mutuwa, gobe ba ni da aiki, ba ni da suna. In kuma muka ce aro muka ba shi, ni da Baba gidan yari, ku kuma duka a loda ku a mota zuwa iyaka.”

Na ce, “To, yaya za a yi?”

“Katin ya ɓace tuntuni, rahotona yana nan. Wani ne ya sace shi. Ba mu san shi ba.”

Na zage shi. Na zagi kwat ɗinsa da ofishinsa da Faransancinsa, na ce mutumin da ya shekara biyu yana ɗebo wa mahaifiyar Musye ruwa shi ne yau ɓarawo. Alhaji ya bari na gama, sannan ya ce, “Ɗana, wanda ya tafi ya tafi. Mutum takwas ne masu rai a ɗakunan can, ban da iyalina.” Na juya ga 'yan masauki, masu dariyar kifin firji. Kowa ya tsura wa tabarma ido. Ɗaya ya riƙe hannuna ya ce, “Ka yi haƙuri, 'ya'yana huɗu a gida.”

Washegari Musye ya tafi ya nuna kansa a raye. Na ce sai na bi shi in ga ɗan'uwana. Ya yarda, da sharaɗin ba zan buɗe baki ba. Mai gadin mog ya jawo aljihun ƙarfen, sanyi ya bugi fuskata. Ga yayana cikin farar rigar, ɓawon albasa manne a gashinsa, bakinsa a ɗan buɗe. Ba wanda ya rufe masa ido. Musye ya leƙa, ya girgiza kai, ya yi bayaninsa da Faransanci, jandarman da ke wurin yana rubutawa. Sai jandarman ya ɗago ya nuna ni da biro. Ko ba ka jin harshen, ka san tambayar.

Zan iya cewa don Alhaji na yi, ko don mai 'ya'ya huɗu. Ƙarya ce. Na dubi bindigar da ke ƙugunsa, na tuna labarin yadda ake dukan waɗanda ake kora, tsoro ya kama ni don kaina. Na girgiza kai. Mai gadi ya rubuta wani abu a 'yar takarda, ya ɗaura a babban yatsan ƙafar yayana, ya tura aljihun.

An yi wa yayana sallar gawa a zaure, ba gawa, ƙofa a rufe. Matan gidan suka dafa shinkafa, na ci. Duk Juma'a ina bakin rumfa jerin motocin na wucewa, ga kiɗa, ga hoton mamaci a ƙirjin kowa, ga mata suna kiran sunansa. Ban ƙara yin maganar kifin firji ba. Hassada nake yi musu, ita ce gaskiya. Nawa yana cikin ƙanƙarar ya fi nasu daɗewa, kuma ba mai ɗinka masa komai. Bayan wata biyu na koma mog ni kaɗai. Mai gadin ya ce waɗanda ba a zo nema ba mota ta kwashe su zuwa rami ɗaya, bai san inda yake ba.

Ban bar gidan ba. Ina zan je? Shekara huɗu ina gaida Musye da safe, yana amsawa ba ya kallona. Kafin damina ta zagayo ƙaninsa ma katinsa ya ɓace, aka rataye a ƙusar nan. Ni nake koya wa sababbin baƙi yadda ake cewa “wi, shef.”

Inna kuwa na aika mata wasiƙa tun a satin farko. Na ce hatsarin mota ne, an rufe shi a ranar kafin magariba, jama'a sun cika maƙabarta. Da na koma gida idanunta sun yi rauni. Ta zaunar da ni kusa da ita, ba ta tambayi tsaraba ba, ba ta tambayi kasuwa ba.

Ta ce, “Wa ya yi masa wanka?”

Na ce, “Ni, Inna.”

Ta lalubo hannuwana biyu, ta shafa su a fuskarta, ta daɗe tana sa musu albarka.