Tutar da Yayana Ya Ɗinka

Yayana tela ne. Shagonsa yana cikin wani lungu a Fagge, a bayan masu sayar da zare da maɓalli, inda ƙarar kekunan ɗinki ba ta yankewa sai an kira salla. Kaftani da wando yake ɗinkawa, ba ya taɓa kayan mata, ko nawa sai in kai wani wuri. Siyasa ba ta dame shi ba, amma duk zaɓe sai ya rufe shago ya je ya bi layi, ya dawo yana nuna mana tawada a babban yatsansa kamar wanda ya ciyo kyauta.

Shekarar da aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa, aiki ya ɗauke masa ƙaf. Wanda bai ci ya ƙoshi ba, ba ya ɗinka sabon kaftani. A gidansa an koma garau-garau sau ɗaya a rana, matarsa kuma tana da tsohon ciki.

Ina shagon ranar da Alhaji ya zo, na kawo yadin maigidana daga Rijiyar Lemo. Wannan Alhajin ɗan siyasar unguwa ne, shi ke tara wa manya jama'a in za a yi taro, kuma kowa ya san yana jin haushi don an yi rabon muƙamai an tsallake shi. Ya sa aka sauke bandir uku daga Kantin Kwari, fari da shuɗi da ja. Ya ce aiki ne mai sauƙi, a yanka a jera a haɗa, a bar wurin zura sanda. Yaya ya tambaya ko tutar ƙungiyar ƙwallo ce. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Tutar Rasha ce, Malam. Ita kaɗai za a ɗaga Abuja ta waiwayo mu."

Ba zan ce Yaya bai ji ba. Ya ji sarai. Ya dubi yadin, ya dube ni, ya jawo almakashi. Da Alhaji ya tafi na ce masa hankalina bai kwanta ba, sai ya ce shi bai san inda Rasha take ba, abin da ya sani gidansa babu gero.

Kashegari tutocin suka cika titi. Ta waya muka riƙa ganin matasa suna kaɗa su suna kiran soja ya zo ya karɓi mulki kamar yadda aka yi a Nijar. Innarmu, wadda ta ga mulkin soja da idonta, ta ce waɗannan ba a taɓa tsugunar da ubansu a bakin titi an zane shi ba, shi ya sa. Aka sa dokar hana fita. A rediyo maganar yunwa ta ɓace, sai batun hannun ƙasashen waje da cin amanar ƙasa.

Da hantsi jami'an tsaro suka zo shagon Yaya, a mota mara lamba, cikin kayan gida. Ba na nan, amma na gani, domin wani maƙwabcinsa ya ɗauka a waya ya watsa. Sun mare shi kafin su tambaye shi sunansa. Suka tattara ƙyallayen da ke ƙasa cikin leda, suka kwance kan keken suka ɗora masa a ka, suka sa shi tafiya da shi har bakin titi. Telolin lungun suna ƙofar shagunansu, wasu da tef a wuya. Cikinsu akwai waɗanda suka taya shi ɗinkin da aiki ya yi masa yawa. Babu wanda ya motsa.

Bayan 'yan kwanaki muka gan shi a talabijin, zaune a ƙasa babu riga, an yafa masa tutar a kafaɗa. Mai bayani ya ce an kama ɗaya daga cikin manyan 'yan koren ƙasashen waje. Inna ta matsa kusa da allon tana cewa ba shi ba ne, saboda fuskar ta kumbura.

Ni da matarsa muka tafi gidan Alhaji. Muka tarar yana taron dattawan zaman lafiya a falonsa, muka zauna a dakali rana tana dukanmu har aka watse. Da ya fito matar Yaya ta durƙusa da cikinta, ta ce ranka ya daɗe, ba ta neman komai, ya je kawai ya gaya wa hukuma cewa aiki aka kawo wa mijinta. Ya dube ta kamar ranar ya fara ganinta, alhali shi ya karɓi aurenta.

"Wane tela? Ni a Dubai ake min ɗinki. Kuma ki iya bakinki, don can inda yake akwai ɗakin mata."

A makon nan muka ji muryarsa a rediyo yana Allah wadai da ɓata-garin da suka sayar da ƙasarsu, yana roƙon hukuma kada ta sassauta wa kowa. Kafin damina ta ƙare aka ba shi muƙamin mai ba da shawara.

Unguwa kuwa ta juya mana baya. Masu ɗinki suka riƙa zuwa karɓar yadinsu, wasu ko jaje babu. Wanda ya ba shi hayar shagon ya fasa kwaɗo ya zuba wani. 'Ya'yan Yaya suka daina zuwa Islamiyya saboda ana kiransu 'ya'yan Rasha. Matan da muke biki da suna tare, in na yi sallama sai hira ta mutu. Ba wai sun yarda Yaya ɗan leƙen asiri ba ne, sun san shi tun yana koyon sa maɓalli. Tsoro suke ji kada a gan su da mu. Matarsa ta haihu, jaririn bai zo da rai ba, iyayenta suka zo daga Kwaciri suka tafi da ita da yaran.

Mutum ɗaya ne ya tako gidan Inna da ƙafarsa. Wani Ibo ne mai gyaran keken ɗinki a Sabon Gari, haifaffen Kano, Hausarsa ta fi tawa. Shi ke gyara wa Yaya keke tun yana yaron shago. Ya ce shi ma duk kwanakin zanga-zangar a kulle ya yi su da iyalinsa, don a Sabon Gari sun san in gari ya rikice ba a daɗewa ake tunawa da su. Ya cire takalmi ya gaida Inna, ya ce akwai lauya a cocinsu. Ni da mai gyaran muka riƙa yawo daga wannan ofis zuwa wancan, ko'ina a ce ba a san da zaman Yaya ba. A wata ƙofa mai gadi ya ce masa kai kuma me ya haɗa ka da su, ko kai ne mai kawo kuɗin daga waje. Duk da haka kashegari ya sake zuwa. Ta hannun lauyan muka ji cewa tuni an wuce da Yaya Abuja.

Watanni suka wuce. Ba a taɓa kawo shaida a kansa ba, ba a kuma wanke shi ba. Wata rana kawai aka ce an yi masa afuwa, shi da sauran waɗanda aka kama. Aka dawo da su Kano, aka shirya taron tarba da 'yan jarida, aka sa musu sababbin kaftani iri ɗaya. Na Yaya ya yi masa yawa, wuyan a karkace. Aka ce kowannensu ya gode wa shugabanni. A layin manyan da ke tarbarsu har da Alhaji, cikin babbar riga, kuma da Yaya ya iso gabansa sai ya rungume shi ya riƙe har masu hoto suka gama ɗauka. Ina kallo daga bayan igiya. Yaya bai ɗaga hannu ba, bai kuma ture shi ba.

A gida muka ga hannun nasa. Yatsu biyu na dama sun ƙage, ba sa lanƙwasuwa. Bai faɗi yadda aka yi ba, mu ma ba mu tambaya ba. Keken ba a dawo da shi ba, kuma ko an dawo da shi ba zai iya zura zare a allura ba. Matarsa ta turo yaran, ita ba ta dawo ba. Yanzu kullum da safe yana tsallakawa Sabon Gari, ya zauna a shagon mai gyaran nan yana wanke ƙarafa da kananzir yana zuba musu mai. In abokan ciniki suka ɗauko hirar siyasa sai ya tashi ya koma bayan shago.

Wata Juma'a na zo gaida Inna, na iso daidai an taso daga masallaci. Motar Alhaji ta tsaya a bakin lungu, jama'a suka yi caa a kanta. Sai na hango Yaya a cikinsu. Ya cire takalmansa, ya tsuguna a gefen kwata, ya ɗaga wannan hannun yana jinjina. Alhaji ya sauke gilashi kaɗan, ya ce a'a, Ɗan Rasha, ana nan? Mutane suka kwashe da dariya, Yaya ma ya yi.

Na jira shi a soro. Da ya shigo na ce, Yaya, me ya sa? Ya zauna a bakin tabarma yana goge ƙafarsa, bai dube ni ba.

"Ina da 'ya'ya," ya ce. "Ki shiga ciki, Inna tana jiranki."