Zamanmu a Kan Jinga

Da muka zo Yamai daga Birnin Ƙonni, ni da maigidana, ba mu sami ɗaki cikin gari ba, sai a ƙetaren kogi, gidan wata tsohuwa Bazabarma da mijinta ya rasu ya bar mata ɗakuna uku na ƙasa. Ita tana ɗaya, mu muna ɗaya, na ukun maigida ya sa keken ɗinkinsa ciki, don tela ne. Inna nake ce mata, ita kuma ɗiyata take ce mini, da Hausarta ta kasuwa wadda ba ta raba mace da namiji.

Bayan gidan akwai jinga, doguwar ganuwar ƙasa da aka yi don ta tare kogi. Ƴan lekol, wato ƴan makarantar boko, suna ce mata digi. Ta fi rufin ɗakinmu tsayi. In kana tsakar gida ba ka ganin ruwa, sai ƙafafun masu wucewa a sama. Da la'asar nan ne wurin shaƙatawar unguwa. Samari su kafa shayi, mata su soya kifi, ma'aikata su zo gudu da gajeren wando suna haki. Ran Lahadi nakan hau in zauna ina kallon manyan gine-ginen otal ɗin Gaweye a wancan hayi, har a kira magariba.

Inna ba ta hawa. Ta ce mini lokacin da take yarinya duk inda muke nan fadamar shinkafa ce. Kogi ya zo ya kwanta, ya tashi ya tafi, ba mai faɗa da shi.

"Ruwa biyu ne, ɗiyata," in ji ta. "Baƙin ruwa yana zuwa da sanyi, daga nesa, a hankali. Jan ruwa na damina shi ne ba ya sallama. Da aka yi jinga mutane suka ce an gama da shi, kowa ya zo ya yi gini. Har da mijina."

Daminar da abin ya faru ina da cikin fari, ya tsufa. Kogi ya yi ja kamar kunun kanwa, kullum yana hawa. Maza suka bar sana'a suka koma cika buhuna da yashi suna jerawa a kan jinga. Maigida ya yini can, ya dawo hannuwansa duk kanta. Dukanmu kogi muke tsaro.

Sai ruwan ya zo mana ta baya. Aka kwana ana ruwan sama, da safe ƙoramun da ke gangarowa daga tudu suka cika, suka nufi kogi kamar yadda suka saba, suka tarar da jinga a gabansu. Ba su da hanyar fita, sai suka tsaya cikin unguwa. Ina dama koko na ga ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Kafin in sauke tukunya ya rufe mini idon sawu. Kuran, wutar lantarki, ya ɗauke. Na ji katangar maƙwabta ta zube.

Maigida ya shigo jiƙe sharkaf. "Bar komai, ki hau sama," ya ce.

Ya riƙe ni muka hau jinga, ina zamewa cikin laka. Ya koma ya goyo Inna, ya sake komawa ya ɗauko kan keken ɗinki ya bar ƙafafun. Kafin azahar ɗakinmu ya rushe ya zauna, muna kallo.

Nan muka zauna, mu da sauran mutanen layinmu. Faɗin jingar bai wuce a shimfiɗa tabarma a bar hanyar wucewa ba. Hagu kogi, dama unguwarmu da ta zama tafki, rufin kwano na leƙowa nan da can. Ta gabas ruwa ya cinye wani sashe na jingar, ta yamma hanyar da ke sauka ta nutse. Aka kafa sanduna aka ɗaura zannuwa da sange, gidan sauro. Rana ta dake mu, ruwan sama ya dake mu, sauro kuwa ba a magana. Abin da ya fi damuna shi ne kewayawa. Mace mai ciki, ga maza ko'ina, sai wata ta riƙe mini zane. Gadar da ke ƙetare kogi zuwa cikin gari kuma tana gabanmu, motoci na wucewa a kanta, mutane sun tsaya suna ɗaukar hotonmu da waya.

Ana cikin haka jiragen masunta suka fara zuwa, da ƴan pompiye masu kashe gobara, suna kwashe mutane zuwa wata lekol da aka buɗe. Mata masu ciki da tsofaffi ne farko. Na tattara ƙullina. Inna ta ce ba ta zuwa.

"Inna, don Allah ki tashi," na ce.

"In na shiga jirgin nan, daga lekol sai tudu za a kai mu, inda ba ruwa ba itace. Wa na sani can? Ki tafi, ɗiyata. Ni ina ganin gidana daga nan."

Ɗakinta ne kaɗai bai faɗi ba, don mijinta ya yi masa gindi da siminti. Shi take kallo tun safe har yamma.

Na dubi maigida. Ya sunkuyar da kai. Na san abin da ke ransa: tsohuwar nan ta karɓe mu ba ta san asalinmu ba, ba ta da ɗa a garin, ba zai bar ta kan jinga ita kaɗai ba. Ya ce in shiga jirgi, zai biyo ni. Ni kuma ban taɓa kwana cikin baƙi ba shi ba, ga haihuwa ta matso. Mai jirgi ya gaji da jira ya tura jirginsa. Na zauna na yi kuka mai isata. Haushin Inna nake ji, haushinsa nake ji, ba kuma inda zan tashi in je in huce, don taku kaɗan ruwa ne.

Ranar ban yi wa Inna magana ba. Da yamma sai ta jawo ƙafafuna da suka kumbura ta ɗora a cinyarta tana matsawa.

Naƙuda ce ta raba gardamar. Wata safiya ta taso mini, maigida ya yi ta ihu yana kaɗa riga har wani masunci ya juyo. Aka sa ni cikin jirgi. Sai na ga Inna ta miƙe da kanta, ta tattare zane, ta shigo ta zauna bayana ta riƙe ni. Ba wanda ya roƙe ta. Har muka ƙetare tana faɗa wa masuncin da Zabarmanci inda zai bi. Na haifi ɗiya mace a gidan haihuwa bayan azahar.

Mun yi zaman lekol har ruwa ya janye. Aka yi maganar ba mutane filaye a tudu, wasu suka tafi. Na so mu bi su, ko mu koma Ƙonni. Maigida ya ce masu kawo masa ɗinki duk nan suke, can wa zai ɗinka wa? Muka koma gidan Inna, muka zauna ɗakinta mu huɗu har ya sake tada namu da tubalin ƙasa, a daidai inda na farkon ya faɗi.

Inna ta rasu bayan an yaye yarinyar. Ƴan'uwanta suka ce mu ci gaba da zama mu kula da gidan. Har yau muna ciki. An ƙara wa jingar tsayi, yanzu rana tana daɗewa kafin ta leƙo tsakar gidanmu, shanya ba ta bushewa sai azahar.