"Babu Matsala" Daga Bebeji Har Doguwa

Ana sallame asuba muka bar Kano mu uku: ni, da direba, da abokin aikina mai tallar kayanmu a kudancin jiha. Bayan motar danƙare yake da buhunan ajiye wake, irin masu leda biyu a ciki, waɗanda in an ɗaure su ƙwari ba sa rayuwa. Manaja ya riga ya faɗa mana ƙarara: in muka dawo da su, za a rufe wannan layin talla na kudanci, abokin nawa ya koma gida. 'Ya'yansa huɗu.

Tun daga Kwanar Dangora, inda muka tsaya shayi da burodin da ya kwana biyu aka sayar mana da tsadar sabo, nake yi masa faɗa. Ba ya ɗaga murya, ba ya nacewa, yana barin mai saye ya tafi. Shi dai "to" kawai yake cewa.

A Bebeji na ce ya tsaya ya ga yadda ake yi. A ofis an koya mana cewa ka fara tono matsalar mutum, sannan ka miƙa masa magani. Na tara manoma, na tambaye su ko ƙwari na cinye musu wake. Suka haɗa baki: "Alhamdulillahi, babu matsala." Ga wake a gabana duk huji, ƙwarin har suna hawa takalmina! A Kiru ma haka. A Tudun Wada na ɗebi waken wani magidanci na nuna wa jama'a ɓarnar. Ya karɓe abinsa, ya ɗaure bakin buhu, ya juya mini baya. Raina ya ɓaci ƙwarai, ko shinkafar da aka zubo mana ban ji daɗinta ba.

Washegari muka nufi Doguwa. Hanyar daji ce, ga ramuka, ga shanu da ke tsallakawa ba gaggawa, direba kuma ya maida gyara rediyo sana'a. Bayan azahar na sake jawabina a gindin wata bishiya, aka sake ba ni amsar nan. Da mutane suka watse, wani dattijo makiyayi, wanda yake noma kuma, ya matso ya gaishe mu a tsanake.

"Ɗana," in ji shi, "wa zai ce rumbunsa ya lalace a gaban surukinsa? Kai ma ba za ka faɗa ba." Sai ya shafa buhun da muke tallatawa, ya tambaya ko waken da aka zuba yanzu zai kai damina.

Kafin in buɗe baki abokin nawa ya durƙusa. "Zai kai, Baba. In ya kai, me za ka yi da shi?"

Dattijo ya ce iri zai ajiye, ya huta da sayen na kasuwa lokacin shuka. Wani da ke jinmu ya dawo, ya ce shi matarsa ƙosai take soyawa, ta samu na shekara. Ɗaya bayan ɗaya suka dawo, kowa da abin da yake hange. Ba wanda ya ambaci ƙwaro ko sau ɗaya. Ni, mai koyarwa, na koma mai miƙo buhu daga mota, haushi da kunya sun ishe ni.

Ba mu sayar da duka ba, amma motar ta yi sauƙin da zan iya kallon manaja ido da ido. Na dawo da sanin cewa mutum ba ya motsawa don an nuna masa aibinsa. A hanya na tuna wata shida ke nan kullum laifin abokin nan nake lissafa masa. Na tambaye shi, in aka bar masa layin, me zai yi da shi. Mutumin da na ɗauka ba ya magana bai yi shiru ba har muka shigo Kano.