Kofin Baba Direba

Baba Direba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan titi yana tuƙa babbar mota, kuma abin da ya dawo da shi gida bayan ya ajiye sitiyari shi ne ciwon baya da harshe mai iyayi. Cewa yake babu garin da bai sha ruwansa ba. In ya zo gidanka aka kawo masa ruwa, sai ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya lumshe ido, sannan ya yanke hukunci: wannan ƙarfe-ƙarfe yake, wancan kuma randar ce ba a wanke ba. Surukansa har addu'a suke yi kada ƙishirwa ta kama shi a gidajensu.

Da ya bar aiki sai ya sa aka haƙa masa rijiyar burtsatse a ƙofar gida, aka ɗora famfon hannu. Ruwa garai-garai, ga sanyi. Ya ɗaure kofin silba da igiya a jikin famfon saboda masu wucewa, ya kafa benci a gefe. Nan yake wuni. Duk wanda ya sha sai ya tsare shi da ido har ya yaba.

"Malam, da ni kake kula da ita kamar famfon nan, da tuni na yi ƙiba," in ji matarsa.

"Ke ai ba kya sanyi da rana."

Shekaru suka tura, tafin hannunsa ya fara yin wata kanta mai tauri, baƙaƙen ɗigo suka fito masa a ƙirji. Ya ce aikin sitiyari ne.

"Sitiyarin da ka rabu da shi tun ba a haifi jikarka ba?" Matar ta buɗe masa nata hannun, shi ma duk kanta. "To ni wace mota na tuƙa?"

Ran nan wata ma'aikaciyar lafiya ta zo unguwar da ɗan akwatinta tana gwada ruwan rijiyoyi. Baba ya cika mata kofi yana washe baki, don ya ɗauka yau hukuma za ta yaba. Ba ta sha ba. Ta gwada ruwan, ta duba hannunsa, fuskarta ta sauya. Ta ce akwai guba a ciki, asenik ake ce mata, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa take narkewa, kuma a hankali take cin jiki.

"'Yata, harshen nan bai taɓa yi min ƙarya ba."

"Baba, ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari, ba ta da launi."

"To sai mu riƙa tafasawa."

"Ruwan ne zai ƙone ya bar ta a tukunya. Ku yi wanki da shi, amma ban da sha, ban da girki. Kuma ku je asibiti, kai da Mama."

Ta shafa jan fenti a bakin famfon, alamar kada a sha, ta wuce. Ran Baba ya ɓaci ƙwarai, har abincin rana ya ƙi ci. Yarinyar da aka haifa jiya ce za ta koya masa ruwa? Da la'asar ya fito da tsumma da kananzir zai goge fentin.

Sai ya tarar da jikarsa, wadda yake tsokana da Amarya, ta dawo daga makaranta. Ta yi ɗage ta cika kofin, ta kai baki.

"Kaka, yau tun kafin ka tambaya zan yaba!"

Bai san lokacin da ya doke kofin ba. Ya kama hannuwanta ya buɗe, yana shafa tafin da babban yatsansa. Laushi lau, babu komai. Duk da haka tsoro ya kama shi, domin shi da kansa ya koya mata sha a nan. Ya ciro wuƙar aljihunsa ya yanke igiyar.

Har yanzu yana wuni a bencin. Kofin na gefensa, kusa da jarkar da yake turowa a baro kowace safiya daga famfon ƙasan layi, wanda aka gwada aka ce lafiya lau. In Amarya ta dawo, sai ya zuba, ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Ko daɗi babu," sai ya miƙa mata. "Shanye duka."