Jan Biro a Takardar Hamajoda

Hamajoda ɗan kawuna ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yara a Gashiga ba mu taɓa yi wa juna magana a miƙe ba. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa. Da muka girma sai Allah ya haɗa mu a makarantar sakandare ɗaya a Garwa, mu biyun muna koyar da Ingilishi, teburina jingine da nasa, shekara goma sha tara. Na faɗi wannan tun da fari don kada wani ya yi mini uzuri da cewa ban san shi ba. Na san shi, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ni don albashi na koyi Ingilishi, ba na ɓoyewa. Shi kuwa so ne ya kai shi. Yana ɗan shekara goma yake bin shanun kawu da wata 'yar rediyo mai kama tashar Yola, duk kalmar da ya ji sai ya maimaita wa shanun har su gaji su juya masa baya. Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake tara kalmomi a ciki, idan ya cika ya sayi wani, har suka cika kwalin sabulu a ƙarƙashin gadonsa. Ya kan ce kalmomi shanu ne, wanda bai fita da su kiwo kullum ba sai ya wayi gari sun rame.

A aji yana da doka ɗaya da duk wanda ya bi ta hannunsa ya sani. Idan ya ba ka sabuwar kalma, sai ka sa ta a jimla, kuma dole kai kanka kana cikin jimlar. "Kalmar da ba ka shiga cikinta ba ta aro ce," in ji shi, "mai ita zai zo ya karɓe abarsa ranar jarrabawa." An taɓa ba wani shaƙiyyin yaro kalmar Ingilishi mai nufin dorina, ya miƙe ya ce shi dorinar Binuwai zai aura. Aji ya kece da dariya. Hamajoda ya ba shi cikakken maki, ya ce a gaida amarya.

A shekarar da ya cika arba'in da shida abin ya soma. Babu wanda ya mutu masa, gidansa bai ƙone ba, matarsa Astajam ba ta yi yaji ba, 'ya'yansa huɗu lafiyarsu ƙalau. Da ɗaya daga cikin waɗannan ne, da mun san gaisuwar da za mu yi masa. Sai dai kawai ya rage magana, ya daina sayen littafin kalmomi, rigarsa ta fara yi masa yawa a kafaɗa. Mu kuwa da pulaku aka yaye mu, wato kunya da dauriyar da muka gada. Namiji ba ya cewa yana jin yunwa, balle ya ce zuciyarsa ta yi masa nauyi. Ko wuƙa ce a cikinka, aka ce ina gajiya, sai ka ce babu gajiya.

Ni kaɗai ne mutumin da zai iya gaya wa, ni kuma bakin wasa kawai Allah ya ba ni a kansa.

"Bawana, wai Astajam ta daina ba ka tuwo ne?" na ce masa wata rana a ɗakin malamai. "Dubi wuyanka kamar na zalɓe. In ba ta iya ba ka aiko ta gidana a koya mata."

"Ina ci," ya ce.

"To ina yake zuwa? Ko wata ka hango a unguwar Yelwa take cinye maka jiki tun kafin a kai goro?"

Da can sai ya rama mini da abin da zai sa malamai su riƙe ciki. Ranar murmushi kawai ya yi, ya ce, "Dairu, kai dai ba ka gajiya." Na ɗauka na yi nasara, har na ce a shaida yau bawa ya san ubangidansa.

A lokacin ni ne shugaban sashen Ingilishi, kuma duk takardar darasi sai na sa mata hannu kafin a kai ta injin bugawa. Ƙa'idar ba ta da wuya. Labarin karatu guda, sabbin kalmomi goma a ja musu layi, tambayoyi a ƙasa, kuma kome ya shiga shafi ɗaya, don ajinmu ɗalibi tamanin ne da ɗoriya, takarda kuma ba daga sama take faɗowa ba. A kan wannan shafi ɗaya na yi faɗa da kusan kowa a sashen. A zango na biyu 'yan ajin ƙarshe suna da babin lafiya. Kowa zazzaɓin sauro yake ɗauka, ko kwalara, a kwafo daga tsohon littafi a huta. Hamajoda sai ya ce shi a kan ciwon damuwa zai yi, kuma da kansa zai rubuta labarin.

Ranar Talata ce, bayan sallar azahar, zafi kamar zai tsage kwanon rufi. Ya kawo mini takardar da rubutun hannunsa, ya ajiye a gabana. Maimakon ya koma teburinsa kamar kullum, sai ya tsaya a kaina, hannuwansa a baya.

Labarin wani ma'aikaci ne da ba a faɗi sunansa ba. Mutumin yana tashi da safe ya ji kamar an ɗora masa buhun gero a ƙirji. Yana hawa babur ɗinsa ya tafi aiki, amma sai ya tsaya a ƙarƙashin wata darbejiya kusa da gada ya zauna, yana neman dalili ɗaya da zai sa ya ƙarasa. Idan matarsa ta kawo abinci sai ya jira ta fita ya tura wa kyanwa, don kada ta ga kwanon a cike ta damu. Abin da ya fi so a duniya ya zame masa kamar cin toka. An ja layi a ƙarƙashin kalmomin Ingilishi masu nufin kaɗaici, da yanke ƙauna, da rashin barci, da nauyi, da kunya, da ire-irensu.

Na karanta, wallahi na karanta kowane layi. Amma karatun shugaban sashe na yi masa. Ina ƙirga kalmomin da aka ja wa layi da bakin biro, na samu goma cif. Na auna tsawon da ido, na ga ya haura shafi da layi huɗu. Sai na duba sakin layi na ƙarshe, na ga babu sabuwar kalma ko ɗaya a ciki, na ja masa jan biro daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Ka cika surutu, bawana," na ce. "Wannan na ƙarshen ba ya aikin komai. Kuma don Allah ina ka samo wannan raggon mutum? Lafiyarsa ƙalau, da aikinsa da matarsa, ya zauna yana ciyar da kyanwa. Wannan ai ciwon Turawa ne, ƙoshi ke kawo shi. A kai shi Gashiga ya bi shanu kwana uku ka ga in bai warke ba."

Ya daɗe yana kallon jan layin. Sannan ya ce, "Ka karanta har ƙarshe?"

"Na karanta mana. Kalmomin sun yi kyau, ba a taɓa tambayarsu a jarrabawa ba. Kai wa Madam Ngono ta buga kafin a ɗauke wuta."

Ya ce to. Ya ɗauki takardarsa ya fita, ni kuma na jawo ta gaba.

Ranar da ya koyar da darasin na biyo ta bakin tagar ajin, na tsaya don in ji. Ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, murya ƙasa-ƙasa, ɗalibai suna maimaitawa. Amma bai sa kowa ya shiga cikin jimla ba, karo na farko tun da na san shi. Wata yarinya a layin gaba, Jebba, ta ɗaga hannu.

"Misye, labarin bai ƙare ba. Mutumin ya warke?"

"Ba ya cikin tambayoyin," ya ce. "Ku juya ga lamba ta ɗaya."

Har na ji daɗi a raina, na ce yau dai Hamajoda ya koyi tsayawa a kan darasi.

Bayan mako biyar ya daina zuwa. Ba wani abin tashin hankali ya yi ba, ya dai zauna a bakin gadonsa da takalmi ƙafa ɗaya, ya kasa sa ɗayan. Aka kai shi asibiti aka auna jini, babu zazzaɓi, babu komai. Aka yi rubutu ya sha, aka yi turare, wata gwaggonmu ta rantse cewa wani malami ne a sashenmu ya yi masa asiri don ya gaji ajinsa. Duk wanda ya tambaye shi jiki sai ya ce da sauƙi. Da damina ta faɗi 'yan'uwa suka ce iskar gari ce ba ta karɓe shi ba, aka mayar da shi Gashiga.

Ranar da ake kwashe kayansu na je taimako. Wata kyanwa ta fito daga ɗaki, ƙatuwa, tana tafiya da ƙyar. Na ce wa Astajam, "Wannan kuma layya za ku yi da ita?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Hamma Dairu, abincin ɗan'uwanka ne a jikinta. Wata nawa ina ɗauke kwano wayam ina murna, ashe ita yake ba. Kuma masu babur sun ce kullum suna ganinsa a gindin darbejiyar gada da safe, a zaune. Kai da kuke tare kullum, bai taɓa ce maka komai ba?"

Na ce bai taɓa ba. Na faɗa da zuciya ɗaya, don ko a lokacin kwanyata ba ta haɗa ba. Takarda nawa ke bi ta hannuna a shekara? Wani abu dai ya ɗan taɓa ni, kamar an kira sunana daga nesa, sai aka ce in kama ƙafar gado, na kama.

Sai da shekara ta zagayo, ajinsa ya dawo hannuna, muka iso babin lafiya. Ragwanci ya sa na ce bari in ɗauko tasa in huta. Madam Ngono ta ciro mini ita daga kabad, wadda aka buga da ta rubutun hannun a maƙale tare. Ina tsaye a ofishinta na fara karantawa. Da na zo kan darbejiya sai na tuna maganar Astajam. Da na zo kan kyanwa sai na nemi kujera. Mutumin da ya shekara ashirin yana cewa kada ka taɓa kalma sai kana cikinta, ni na zaci zai rubuta kalmomi goma ya tsaya a waje?

Jan layina yana nan, amma ana ganin rubutun a ƙarƙashinsa. Ga abin da ya ce, in na mayar da shi bakinmu: "Mutumin yana da ɗan'uwa guda da yake zama kusa da shi kullum. Ba zai iya faɗa masa da baki ba, don ba a yi su haka ba. Sai ya rubuta a takarda ya miƙa masa, ya tsaya a gabansa yana jira."

Ban koyar da kowa ba ranar. Daga baya na ɗauke shi na kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, duk da 'yan'uwa sun ce na tona wa zuri'a asiri. Likitan ya ce da an zo da wuri da abin ya fi sauƙi, kamar ban sani ba. Yau shekara uku yana shan magani. Yana ci, yana barci, yana zuwa masallaci idan an tashe shi. Kwalin littattafansa kuwa gara ta cinye rabi, bai tambaya ba. Duk Asabar ina zuwa, kuma ban fasa sa rai ba don ba ni da ikon fasawa, amma ƙarya nake in na ce ina ganin alama.

Abin da ba ya barina shi ne zuwana na farko, a ranar da na karanta. Na hau babur da takardar a aljihu, na same shi a zaune a kan tabarma bayan garken kawu, yana kallon inda shanu suka tashi. Na zauna kusa da shi. Ban ce masa bawana ba. A rayuwata ban taɓa kiran sunansa haka kawai ba sai ranar.

"Hamajoda," na ce, "na karanta. Yau na karanta har ƙarshe."

Na warware takardar na karanta masa layukan nan huɗu da ƙarfi, hawaye na zubo mini, ni da ban yi kuka ba ko ranar da aka binne uwata. Na so ya zage ni. Na so ya ce mini jaki, ya ce makaho, ya tashi ya shaƙe ni, ko me dai zai nuna cewa mai jiran nan yana tsaye har yanzu.

Ya karɓi takardar ya duba jan layin, kamar yadda ya duba shi ran Talatar nan. Sannan ya ninke ta a hankali ya mayar mini a hannu, cikin ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo.

"Ka yi daidai da ka soke shi, Malam Dairu," ya ce. "Babu sabuwar kalma a ciki."

Ya juya ya kira Astajam ta kawo mini ruwa.