Yayana Ku-Nawa da Takardun Tambaya

A unguwarmu ba mai kiran yayana da sunan yanka. Ku-Nawa ake ce masa, har surukarsa haka take kiransa idan ba ya kusa. Sunan ya samo asali ne daga tambayar da yake fara yi a duk gidan da ya shiga da jakarsa a kafaɗa, wato ku nawa ne a gidan nan. Shekara goma sha tara ya yi yana wannan tambayar.

Da can malamin firamare ne. Da aka zo rage malamai, sunansa ya faɗo cikin waɗanda aka sallama. Ya yi wata bakwai a gida yana rubuta wa mutane wasiƙa, har ranar da wata farar mota ta tsaya a bakin layinmu, aka ce ana neman mai ilimi wanda ya san gidaje. Masu bincike ne. Sun ce suna son sanin halin da jama'a ke ciki ta fuskar lafiya da karatu da sana'a, domin a san ta inda za a taimaka. Haka aka gaya masa, kuma ni ƙanwarsa da na san shi ciki da waje, na san da zuciya ɗaya ya yarda.

Daga nan sai abin ya zama sana'a. Waɗannan su tafi, waɗancan su zo, kowa da kalar rigarsa da tarin fom ɗinsa, kowa kuma sai an haɗa shi da Ku-Nawa. Abokan aikinsa da yawa teburin mai shayi suke samu su zauna, su cika fom arba'in daga kansu kafin rana ta yi zafi. Shi kuwa sai ya taka ƙafa ya shiga gida gida. Ya san gidan da ba masai, ya san matar da ta yi ɓari sau uku, ya san maigidan da bai iya karatu ba amma kullum cewa yake ya manta tabarau. Bai taɓa fitar da sirrin kowa ba. Matarsa takan tsokane shi da cewa ya san adadin gidan sauron unguwa kaf, amma bai san nasa ya yage ba.

Abin da ke ba ni haushi tun a lokacin shi ne ba abin da ke canzawa. Asibitin unguwarmu ɗaki biyu ne da nas ɗaya. Firijin allurar rigakafi ya lalace tun shekarar da aka haifi 'yarsa ta fari, yarinyar har ta gama sakandare firijin na nan ana ajiye tsintsiya a bayansa. Sau goma sha ɗaya Yaya ya rubuta a takardun mutane daban-daban cewa firiji ba ya aiki. Duk sanda na yi masa magana sai ya ce in yi haƙuri, waɗannan da suka zo yanzu ba irin na baya ba ne.

Na ƙarshen da ya yi wa aiki wata cibiya ce ta turo su, ƙarƙashin wani farfesa mai taushin murya, da ɗalibai kusan ashirin cikin riguna iri ɗaya. Kwana uku suka ware, suka ce sun zo hidimar al'umma da ƙarfafa jama'a, kuma za su rubuta sakamakon.

Rana ta farko makaranta suka je koyar da wanke hannu. Suka zo da bokiti mai famfo da ruwansu a jarka, aka jera yaran makarantar aka wanke hannu ana waƙa ana ɗaukar hoto. Da aka tashi suka zubar da sauran ruwan, suka mayar da bokitin mota. Makarantar ba ta da famfo, ba ta da rijiya.

Rana ta biyu tamu ce, mata, za a koya mana yin sabulu. Ni ɗinki nake yi, kuma ina da kayan mutane jibge a kan keke, amma Yaya ya roƙe ni, na rufe shago na tafi. Da safe aka ba mu tambayoyi goma muka amsa. Aka rubuta amsoshin da suke daidai a allo. Da yamma aka sake ba mu tambayoyin nan goma, allon kuma ba a goge shi ba. Tukunya ɗaya ce, mai koyarwar kaɗai ta taɓa ta, mu muna kallo daga benci. Daga ƙarshe aka miƙa wa kowace mace sabulu ta ɗaga sama a ɗauki hoto, sannan wata ɗaliba ta zagayo da kwali tana karɓewa, wai gobe za a nuna a wata unguwar. Na dawo gida hannuna na ƙamshin sabulun da ba nawa ba.

Rana ta uku aka kafa rumfa a filin makaranta don awon hawan jini. A nan Iya Mai Gawayi ta shigo labarin. Aminiyar mahaifiyarmu ce, ita ta goya ni, ita ta goya Yaya, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu ita muke gaisarwa a matsayin uwa. Tana da rumfar gawayi a kwanar layi. Ta daɗe da cewa ta gama da masu takarda, sun tambaye ta shekarunta har ta gaji da ƙirƙiro musu. Sau uku Yaya ya je ya durƙusa mata, domin an ce masa ana son tsofaffi su fito da yawa. A na ukun ta kakkaɓe zaninta ta ce don shi za ta je, ba don su ba.

Wani ɗalibi ya ɗaura mata abin awo a hannu, ya duba, ya kwance ya sake ɗaurawa. Ya kalli na kusa da shi, ya faɗi lambar, ya ce na gaba ya matso. Yaya ne ke rubutawa a teburin. Ya yi shekaru yana rubuta irin waɗannan lambobi, ya san wadda ake kai mutum asibiti a kanta ba tare da an tsaya neman takalmi ba. Ya ajiye biro ya je ya sami farfesa a gefe.

Farfesa ya saurare shi da kyau, har da dafa kafaɗa. Ya ce su awo suka zo yi, ba magani ba. Ya ce idan aka fara gaya wa mutane yanzu za a tsorata su, kuma za a ɓata awon da za a dawo a yi bayan wata shida. Za a tura wa asibiti sunayen duk masu hawan jini a zango na biyu na aikin. Sannan ya tuna masa da takardar riƙe sirri da ya sa wa hannu.

Yaya ya koma teburinsa. Abin da ya iya yi kawai, da Iya ta zo wucewa ya ce mata ta rage gishiri. Ta yi dariya ta ce yaushe ya zama likita. Mai ɗaukar hoto ya ga dariyar ta yi masa, ya sa aka mayar mata da abin awon a hannu, ta sake yin wata.

Sau biyu Yaya ya leƙa asibiti yana tambayar nas ko takarda ta iso daga masu bincike. Ba ta iso ba. Nas ta tambaye shi takardar mene ce, ya ce ba komai. Kwana ashirin da uku bayan awon, Iya ta faɗi a tsakanin buhunanta da hantsi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Nas ta ce da ta sani, ƙwaya ɗaya ce a kullum, kuma ita ce kusan maganin da bai taɓa yankewa a kabad ɗinta ba.

A shagona ya zo ya gaya mini. Ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, ya ɗora jakar a cinya.

"Na sani tun ranar," ya ce. "Da hannuna na rubuta."

"Ka sani, Yaya, ka bar ta ta koma tana ɗaga buhu?"

"An ce za a turo sunaye."

"Daga rumfar nan zuwa asibiti taku nawa ne? Kai da ka iya ƙirga komai."

Na ci gaba da taka keke har ya tashi. Na yi sati uku ko gaisuwarsa ba na son amsawa. Yayana ne, shi ya riƙe ni bayan iyayenmu, amma a kwanakin nan idan na ga jakar nan sai in kau da kai.

Bayan wata biyar aka aiko masa da katin gayyata zuwa wani otal, za a gabatar da rahoto. Ya ce in raka shi, na bi shi don in ga ƙarshen abin. Zaure ne mai sanyi, da kujeru masu farar riga da ruwan roba a kowane tebur. A ƙofa aka miƙa mana rahoton. Iya ce a bango, tana dariya, abin awo a hannunta, a ƙasa an rubuta cewa al'umma ta karɓi ragamar lafiyarta. A wannan lokacin Iya tana kwance a tabarma, 'yarta na ba ta ruwa da cokali.

Aka yi ta nuna zane-zane a bango. Ilimin mata kan sana'a ya ninka. Yaran makaranta sun rungumi wanke hannu. Da aka ba da damar tambaya, Yaya ya miƙe, ya ɗaga rahoton. Ya faɗi wace ce matar da ke bangon, da lambar da aka gani a hannunta, da abin da aka ce masa, da shirun da shi kansa ya yi, da halin da take ciki yanzu. Bai yi zagi ba, bai rage komai ba.

Sai farfesa ya karɓi lasifika da murmushi, ya ce irin wannan murya daga cikin al'umma ita suke nema, ya umarci wata ɗaliba ta rubuta a cikin darussan da aka koya. Ya ce a tafa wa malam. Aka tafa. Mai gabatarwa ya sanar da hutun cin abinci, mutane suka tashi suna rige-rigen layi. Kafin mu kai ƙofa wani ya biyo mu da satifiket na yabo mai sunan Yaya, an ma yi kuskure a rubutun sunan. A hanya ya ce mini da sun kore shi da ya fi masa sauƙi, tafin nan ne ya tsaya masa a wuya.

Bai sake ɗaukar fom ɗin kowa ba. Mutum goma sha huɗu ne jininsu ya hau sosai a ranar awon, kuma duk yana riƙe da su a ka. Ya bi su gida gida ya gaya musu, ya raka su wurin nas ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka gode. Wani tsohon direba ya zage shi tas a gaban iyalinsa, ya ce wata shida yana yawo da mutuwarsa a jaka. Yaya ya tsaya ya shanye.

Yanzu shi ke zama a rumfar gawayin, domin 'yar Iya ba ta iya barin uwarta. Ba ta roƙe shi ba, ba ta kuma gode masa ba, har yau da ƙyar take amsa sallamarsa. Da yamma yakan kai mata cinikin, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida Iya. Iya takan bi shi da ido. Ba wanda ya san abin da take son faɗa.

Watan jiya ina rumfar na je sayen gawayi, sai ga wata budurwa da riga mai tambari da allon rubutu a hannu. Ta ce an turo su ne su binciki dalilin da ya sa mutanen unguwar nan suka daina ba masu bincike haɗin kai, kuma an ce mata shi ne ya fi kowa sanin gidaje. Yaya ya ce mata ba zai yi ba. Ta ce ba laifi, amma sai ta rubuta dalili, ta karanto masa guda huɗu ya zaɓa: rashin lokaci, rashin fahimta, rashin lafiya, ko tsoro. Ya ce babu nasa a ciki. Ta duba takardar, ta dube shi baƙi ƙirin da ƙurar gawayi yana ɗaure mini leda, ta sa alama a kan rashin lokaci, ta yi mana sallama ta nufi gida na gaba.