Sawun Yatsu a Gefen Allo

Ba na jin zan manta ranar da aiki ya kai ni Fagge, cikin daminar bara waccan. Ni ne babban kafinta a shagonmu na Sabon Gari, inda muke sa wa hotuna da zane-zane firam. Kun dai san mutanenmu: in ba a zagaye abu da ruwan gwal an rufe da gilashi ba, ba a yi aiki ba.

Wani Alhaji Bukar ne ya kawo zanen, a kan allon katako. Marigayi mahaifinsa ne ya zana Tafkin Chadi da hantsi, ruwa da sama sun haɗe har ka rasa inda ɗaya ya ƙare. Ya ce a sa firam mai kauri, a rataya a ɗakin mahaifiyarsa, Hajiya Falmata.

Na tafi auna bango da allon a hannu. Hajiya idonta ya yi rauni ƙwarai. Da ta karɓa, ba ta kula da fuskar zanen ba, gefensa ta bi a hankali har ta tsaya kan wani busasshen fenti. Sawun yatsun mijinta ne, inda yake riƙewa in yana aiki.

"Malam Sani, firam ɗin zai rufe nan?"

"Zai rufe, Hajiya."

"To ni me aka bar min?"

Alhaji ya ce, "Inna, in ba firam ai sai baƙi su ce mun yi rowa." Ita dai ba ta ɗauke hannu daga wurin ba.

Na ce akwai wata hanya. Akan tsaga katako biyu a karkace, ɗaya a bango, ɗaya a bayan allon, su sarƙe da juna, gefe ya zauna a buɗe. Alhaji ya dubi hannun mahaifiyarsa, ya ce in yi.

Ƙa'ida ita ce a rataya zane daidai idon mai tsaye. Wannan kuwa na sauke shi gefen gadonta, inda hannu zai kai daga zaune. Allon ya ɗan rabu da bango, kamar yana shawagi. Hasken taga ya sauka kan ruwan, wallahi sai na ga yana motsi, ƙarar adaidaita sahu ta yi mini nisa.

Hajiya ta ɗora yatsunta kan nasa, ta lumshe ido. "Yauwa, Malam, ka dawo," in ji ta, kuma ba da ni take ba.

Shi ya sa nake gaya muku: kafin ku rufe gefen kowane zane, ku tambayi mai shi ko akwai wanda yake gaisawa da shi a wurin.